Durum zuwa Lawanti: me ya hana jirgi ɗaukar fasinja tsakanin Bauchi da Gombe?

Ɗan Tumfure: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga masu ilimin abin. Na duba nisan da ke tsakanin filin jirgin Bauchi da namu na Lawanti, wani shafi ya ce 128, wani ya ce 80, wani kuma 69. Wanne ne gaskiya? Sannan in har kusancin ya kai haka, me ya hana a sa jirgin fasinja tsakanin garuruwan biyu, mutum ya karya kumallo a Gombe, ya je Bauchi ya gama harkarsa, ya dawo kafin azahar?

Malam Na Wunti: Wa alaikumus salam. Duk ukun gaskiya suka faɗa maka, ma'aunin ne kowa da nasa. 128 ɗin kilomita ne. 80 mil ne irin na duwatsun bakin titi na zamanin Turawa, kowane ɗaya kilomita 1.6. Shi kuwa 69 mil ne na teku, wanda matuƙa jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Ka ninka 69 da 1.852 a wayarka, za ka ga ka dawo wajen 128.

In kana son ka tabbatar da kanka ma ba wuya. Filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum yana wajen digiri 9.7 ta gabas, na Lawanti yana wajen digiri 10.9. Tazarar digiri ɗaya ce da ɗan ɗoriya, kuma a yankinmu digiri ɗaya ya kusa kilomita 110. Sai ka ƙara da cewa Durum ya ɗan fi Lawanti matsawa arewa da kamar kilomita 20. Wannan tazarar ta gabas da yamma ita ce ma ke sa ku mutanen Gombe kuke riga mu shan ruwa da azumi da kamar minti biyar, domin kowane digiri ɗaya minti huɗu ne a tafiyar rana.

Autar Mama: Ashe dai akwai abin da Gombe ta riga Bauchi. Allah ya ƙara ilimi Malam.

Malam Na Wunti: Amin Auta. Amma ki tuna da asuba ma ku ake fara hana cin abinci. Kuma kafin 1996 duk jiha ɗaya muke, daga ɗakinmu kuka fita.

Baban Khalifa: Ƙanina Ɗan Tumfure, ni direba ne, wannan hanyar a kanta nake cin abinci, don haka bari in faɗa maka abin da taswira ba za ta faɗa maka ba. Daga cikin garin Bauchi zuwa cikin garin Gombe bai wuce kilomita 155 zuwa 160 ba a mota. Ka fita ta Inkil, ka haye gadar Dindima, ka wuce Alƙaleri, ka wuce Bara, sai ga ka a Lawanti, sai Tumfure unguwarku. In mota lafiyayya ce kuma ba a tsaya ɓata lokaci a shingaye ba, awa biyu ne, in ta yi tsanani biyu da rabi.

To yanzu ɗauki jirginka. Durum yana hanyar Ningi ne, hanyar Kano ke nan, sama da kilomita 20 daga gari. Wato mai zuwa Gombe sai ya fara juya wa Gombe baya tukuna. Lawanti kuma kusan kilomita 30 ne daga cikin Gombe. Haɗa 20 da 128 da 30. Ka ga ka doshi 180. Wanda ya hau jirgi ya fi wanda ya shiga motata yawan kilomita, kuma abin hawa uku zai shiga.

Ɗan Tumfure: Yaya Baban Khalifa, ai ba kilomita muke ji ba, lokaci muke ji. Jirgi da ke gudun kilomita 800 a awa, 128 ai minti goma ne.

Baban Khalifa: Minti goma a bakin wa? Rabin awa daga Wunti a cikin garin Bauchi zuwa Durum. Awa guda kana zaune kafin tashi, don ba a zuwa filin jirgi kamar tasha a ce "saura mutum ɗaya". A auna kaya, a caje ka, a kira ku. Ku sauka ka tsaya jiran jaka. Ka nemi mota daga Lawanti, kuma ba kuɗin tasha za su caje ka ba, shata ce. Kafin ka ga shataletalen shiga Gombe ni na sauke fasinjana, na yi sallah, na ci tuwo, na shiga layin lodi.

Baba Ritaya: Salamu alaikum. Yaro, direba ya faɗa maka ta ƙasa, ni bari in faɗa maka ta sama, don a filin jirgi na yi aikina har na ajiye.

Wannan gudun na kilomita 800 da ka ji, jirgi ba ya yin sa sai ya lula can sama, ƙafa 30,000 zuwa 37,000, inda iska ba ta da kauri, inji na shan mai kaɗan yana cin nisa da yawa. To hawa can ɗin ba kyauta ba ne, saukowa ma haka. Matuƙa suna da wani lissafi na ka: duk ƙafa 1,000 da za ka sauko, kana buƙatar mil 3 na teku a gabanka. Jirgin da ke ƙafa 35,000 sai ya fara gangarowa tun saura mil 105, wato kusan kilomita 195. Tafiyarka kuwa gaba ɗayanta mil 69 ce. Ka ga ko saukowar kaɗai ba ta ishe ta ba, balle hawa.

Saboda haka jirgin da ya tashi daga Durum zai ɗan hau ƙafa dubu goma sha wani abu, kafin ma'aikaciyar jirgi ta kwance bel ɗinta an ce a shirya sauka. Kuma ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'ida ita ce kada a wuce gudun mil 250 na teku a awa, kilomita 460 da 'yan kai ke nan. Sannan jirgi ba ya bin zaren da ka ja a taswira. Yana tashi ne ta inda titinsa ya fuskanta, yana fuskantar iska, sai ya karkato, in ya isa can kuma ya zagayo ya daidaita da titin sauka tun daga nesa. Minti 20 zuwa 25 a sama, ban da tafiyar ƙasa kafin tashi da bayan sauka. Wannan shi ne gaskiyar lissafi.

Ɗan Tumfure: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. To amma minti 25 ɗin ma ai ba laifi.

Baba Ritaya: Ga fasinja ba laifi. Ga mai jirgi laifi ne babba. Inda jirgi ya fi zuƙar mai shi ne wajen tashi da hawa, kuma wannan tafiyar kusan duk tashi da hawa ce. Bayan mai, akwai abin da mutane ba su sani ba: ba awoyi kaɗai ake ƙirga wa jirgi ba, ana ƙirga masa sau nawa ya tashi ya sauka. Taya, birki, ƙafafun sauka, wasu sassan inji, har gangar jikin da ake cika wa iska a sama a sassauta a ƙasa, duk da wannan ƙirgen ake duba su ko a sauya su. Sauka ɗaya sauka ɗaya ce, ko daga Bauchi ka zo ko daga Legas. Kuɗin sauka a fili, kuɗin masu kula da sararin samaniya, masu ɗora kaya, masu kawo matakala, harajin da ke kan kowane tikiti, babu wanda zai rage maka don tafiyarka gajera ce. Kayan gyara kuma da dala ake saye. In ka raba duk wannan a kan kilomita 128, tikitin ba zai yi nisa da na Abuja ba. Wa zai biya kuɗin Abuja ya je Gombe?

Injiniya: Baba ya gama magana. Ni tambayar da na fi so a yi ita ce: tun farko me ya kawo filaye biyu manya a tazarar kilomita 128? Na Lawanti an gina shi zamanin Gwamna Danjuma Goje, na Durum zamanin Gwamna Isa Yuguda aka buɗe shi a 2014. Kowanne da dogon titi, kowanne da hasumiya, da motocin kashe gobara, da ma'aikata, da janareta. Ku je ku zauna a kowanne daga safe zuwa yamma ku ƙirga jiragen da za su sauka, yatsun hannu sun ishe ku. Da an haɗa kuɗin an yi guda ɗaya a tsakiya, wajen Alƙaleri, kowa ya yi tafiyar awa guda ya same shi, fasinjan jihohi biyu su taru wuri ɗaya. Kamfani ya ga jirginsa na cika, ya ƙara sawu, farashi ya sauko. Ragowar kuɗin a zuba wa titin da talaka ke bi.

Maman Walida: Injiniya, da ganin wannan magana ba ka taɓa raka tsohuwa aikin Hajji ba. Mu da muka ga lokacin da ake kwasar maniyyata a motoci a kai su wata jiha, su kwana a sansani a kan tabarma, yau a ce jirgi gobe a ce jibi, ga tsofaffi ga masu ciwon suga, mu muka san amfanin fili a ƙofar gida. Yanzu mutum na gidansa za a kira shi, 'ya'yansa su raka shi, in an ɗaga tashi ya koma ɗakinsa ya kwana. Ba komai ake aunawa da riba ba.

Injiniya: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ban raina wahalar alhazai ba. Amma jigilar Hajji makonni kaɗan ce a shekara, zuwa da dawowa. Sauran watannin fa? Kuma Alƙalerin da na ce ai ba wata ƙasa ba ce, awa guda ce daga ɗakinki.

Maman Walida: Awa guda a wace hanya? Kai kana maganar taswira ne kamar yaron nan. Ni ina maganar jirgin da zai sauka ƙarfe tara na dare, mace ita kaɗai da kaya, a ce ta kama hanyar daji. Daga Lawanti kuwa kafin ka gama gaisawa da direba kun shiga gari.

Kuma ni ban ga abin dariya a tambayar Ɗan Tumfure ba. Akwai wanda zaman mota na awa biyu azaba ne gare shi. Mara lafiyar da aka tura daga asibitin koyarwa na Bauchi zuwa na Gombe ko daga can zuwa nan, wanda aka yi wa aiki a baya, tsoho mai shekara tamanin. Ga haɗari, wanda duk mai bin hanyar nan ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda ita.

Baban Khalifa: Wannan gaskiya ne Hajiya, ba zan musa ba, mun ɗauki gawar abokan aikinmu a hanyar nan. Amma abin da ke kashe mutane gudu ne, da ramuka, da tsohuwar taya, da lodin mutum huɗu a kujerar mutum uku, da manyan motoci da ke tsayawa a kan kwalta da dare babu fitila. Maganinsa gyaran titi da hankalin direba. Jirgi ko an sa, mutum nawa zai ɗauka a cikin masu cika Gombe Line da Yankari Express kullum? Mai kai buhun barkono kasuwa ba zai hau ba, ɗalibi ba zai hau ba. Mara lafiyar ma da kika ce, sai an sa shi a mota zuwa Durum, a ɗaga shi a hau matakala, a sauko da shi, a sake sa shi a mota. Motar asibiti mai gado ta fi masa sauƙi.

Malam Na Wunti: Bari in ƙara wani abu a kan maganar direba. Gajeriyar tafiyar jirgi tana rayuwa ne inda ƙasa ta hana mota wucewa. Tsakanin Darussalam da tsibirin Zanzibar a Tanzaniya kamar kilomita 70 ne, amma jirage na kaiwa da komowa kullum, saboda teku ce a tsakani. A arewacin Sikotland akwai tsibirai biyu, Westray da Papa Westray, da jirginsu bai cika minti biyu a sama ba, tazarar ba ta kai kilomita 3 ba. Kinshasa da Brazzaville suna hangen juna, kogin Kwango ne ya raba su babu gada. Mu kuwa me ya raba mu? Kogin Gongola ne, kuma an yi masa gada a Dindima tun tuni. Hanyar kusan miƙaƙƙiya ce, tsakanin garin da garin a miƙe kamar kilomita 145 ne, a kwalta 160. Abin da jirgi zai yanke maka bai taka kara ya karya ba.

Ku gwada da Abuja ku ga bambanci. Daga Lawanti zuwa filin Nnamdi Azikiwe a miƙe kamar kilomita 425 ne, awa guda a jirgi. A mota kuwa sai ka zo Bauchi, ka hau Jos, ka gangara Akwanga, ka bi Keffi, kusan kilomita 600, yini guda cur. Daga Durum kamar kilomita 320 ne a sama, a ƙasa sama da 400. Nan ne jirgi ke da bakin magana. Faransa ma a 2023 doka ta kafa ta hana wasu jiragen cikin gida a inda jirgin ƙasa ke kai mutum cikin awa biyu da rabi.

Autar Mama: Malam ka ambaci jirgin ƙasa ka tuna min. Kakata kullum labarinta yadda suke hawa daga Gombe zuwa Bauchi da ƙunshin dambu. Ni dai dogo kawai na gani, ciyawa ta rufe shi.

Malam Na Wunti: Gaskiyarta. Layin da ya taso daga Kuru kusa da Jos ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya dire Maiduguri a 1964. Tashoshin kuma a cikin gari suke, ba a bayan gari ba. In da abin da ya dace da kilomita 160 to shi ne, ga ɗaukar mutane da yawa, ga buhunan hatsi da simintin Ashaka da ke farfasa mana kwalta a kan tireloli.

Baba Ritaya: Injiniya, na bar ka ka gama ne. Maganarka ta kuɗi tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai abin da ka tsallake. Jirgi ba ya tashi sai an rubuta masa filin da zai karkata in inda ya nufa ya ƙi saukuwa. Dole ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi wancan fili na biyu, da ƙarin na shawagin minti 30 wanda ba a taɓa shi sai ta ɓaci. In filin karkatar yana da nisa, man da za ka ɗauka ya ƙaru, jirgi ya yi nauyi, wani lokaci a rage kaya. To jirgin da ya nufo Gombe, mota ta lalace a kan titin sauka, ko hadari ya tsaya a kan Lawanti da damina, ga Durum nan minti ashirin. A sauke mutane, a sa su a bas, awa biyu suna gida. Ba ku tuna 2017 ba, da aka rufe filin Abuja mako shida ana gyaran titinsa? Kaduna aka koma, ana kwaso mutane a mota da jirgin ƙasa. Ba don kusancin ba da ƙasar ta tsaya.

Injiniya: Baba ranka ya daɗe, da damina na yarda. Da hunturu fa? Hazon da ya rufe Gombe ai shi ne ya rufe Bauchi. Ƙurar da ke tasowa daga Chadi ba ta san iyakar jiha ba, faɗinta ya fi kilomita 128 nesa ba kusa ba. A watan Disamba da Janairu in Lawanti bai ganuwa, Durum ma bai ganuwa, wani lokaci har Kano da Jos da Yola. Sai jirgi ya koma inda ya fito.

Baba Ritaya: Wannan ka kama ni da gaskiya rabi. Hazo mai kauri yakan rufe yankin gaba ɗaya. Amma ba kullum yake sauka daidai wa daida ba, kuma ba ganin ido kaɗai ake dubawa ba, ana duba na'urar da filin ke da ita. Filin da ke da na'urar jagorar sauka mai aiki, wadda ke riƙe jirgi a kan layin titi tana gangaro da shi, da fitilu masu kyau, ana sauka a cikinsa da hazon da zai hana sauka a filin da babu. Don haka in ni ake tambaya, kuɗin da za a kashe a kan waɗannan filaye biyu ba na sabon gini ko fenti ba ne. Na'ura, fitila, wuta mai tsayawa, da mutanen da za su riƙa duba su.

Maman Walida: Wallahi Baba ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wani hunturu na yi sammako zan je Abuja sarin kaya, muka wuni a fili, sai la'asar wani kamfani ya ce mana an soke saboda hazo, kuɗinmu kuma sai da muka yi ta bin sawu. Wanda zan haɗu da shi ya tashi Dubai a daren. Tun daga nan in iska ta fara busawa mota nake shiga, in ji jiki in isa.

Ɗan Tumfure: To Baba, ke nan babu ranar da za a sayar da tikitin Bauchi zuwa Gombe?

Baba Ritaya: Akwai hanya ɗaya, kuma ba sabuwa ba ce. Zamanin Nigeria Airways, kafin a rufe shi a 2003, jirgi ɗaya irin Fokker kan taso daga Legas ya yada zango a gari biyu ko uku kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa, yana saukewa yana ɗauka. Malam, kai ne mai alƙaluma, lissafa mana: Abuja zuwa Bauchi, Bauchi zuwa Gombe, Gombe zuwa Abuja.

Malam Na Wunti: 320 da 128 da 425, ya kama 873. In kuwa kowane gari za a yi masa sawunsa daban, zuwa da dawowa, Bauchi 640, Gombe 850, jimla 1,490. An rage sama da kilomita 600 ke nan, kuma sauka uku maimakon huɗu.

Baba Ritaya: Madalla. Ka ga jirgi ɗaya, matuƙa biyu, ya kwashi fasinjan jihohi biyu, abin da Injiniya ke nema a Alƙaleri ya samu ba tare da an aza tubali ko ɗaya ba. Kuma ba sai babban jirgi ba. Mai farfela irin ATR 72, kujera wajen 70, gudunsa kamar kilomita 500 a awa, ba ya buƙatar lulawa sama sosai, mansa kaɗan. A tafiyar kilomita 300 zuwa 400 abin da babban jirgi zai riga shi da shi bai fi kwata na awa ba. A cikin wannan zagayen ne za a iya samun kujerar Bauchi zuwa Gombe, domin jirgin dama zai yi tafiyar ko da kai ko babu kai. Kujerar da ta rage babu kowa, gara a sayar da ita da araha da a tashi da ita fanko.

Autar Mama: Mai farfela kuma Baba? Ni in na ga wannan fankar tana juyawa a gefen taga sai in fara salati.

Baba Ritaya: Salati alheri ne jikata, ki ci gaba. Amma injinsa ɗan'uwan na babban jirgi ne, mai iri ɗaya suke sha, farfelar ce kawai a waje. Ƙara ya fi shi, shi ke nan.

Injiniya: Zagayen ya yi kyau a takarda, amma ku duba wa zai cutu. Ɗan Gombe da ya taso daga Abuja aka biya da shi Bauchi, kilomita 448 ya yi maimakon 425, ƙarin bai da yawa, sai dai zaman rabin awa ko fiye a Durum. Ɗan Bauchi mai zuwa Abuja fa? A ɗauke shi a Durum, a yi gabas da shi zuwa Lawanti, Abuja na bayansa, a zauna, sannan a juyo a sake wucewa ta saman jiharsa. Kilomita 553 maimakon 320. Tafiyar da ba ta cika awa guda ba ta koma awa biyu. Mai taro ƙarfe goma ba zai yarda ba, kuma masu taron su ne ke sayen tikiti.

Malam Na Wunti: A juya zagayen mana. Yau a fara da Bauchi, gobe a fara da Gombe. Ko na safe ya bi ta nan, na yamma ya bi ta can. Ɗan Bauchi ya tafi a jirgin da ya fara sauka Gombe, don daga Durum kai tsaye zai wuce Abuja, ya dawo a wanda zai fara sauka Bauchi.

Injiniya: To shi ɗan Gombe kuma ya ɗauki kishiyar haka. Sai dai fa ka lura Malam, in jirgin safe ya yi wa ɗan Bauchi daɗin tafiya, na yamma ya yi masa daɗin dawowa, ɗan Gombe ya sha zagaye safe da yamma ke nan.

Maman Walida: A'a, ba za ta saɓu ba. Mu ne masu nisa, mu ne kuma za a yi ta yawo da mu?

Malam Na Wunti: Hajiya kwantar da hankalinki, ku zagayenku kilomita 23 ne kacal, tunda Bauchi kusan a kan hanyarku take. Mu ne in aka juya muke biyan 233. Adalci shi ne a bar ku da ƙaramin zagayen.

Maman Walida: Kilomita 23 da zaman rabin awa cikin jirgi an kashe sanyi, da sauka biyu. Ni saukar ce ba na so, kunnena toshewa yake. In dai za a rage mana kuɗin tikiti to a yi magana.

Baban Khalifa: Ku dai ku gama rabon. Abin da na sani, fasinjan Bauchi da ya rasa kujera a Durum yakan kira ni in kai shi Lawanti ya hau na Gombe, na Gombe ma yakan yi haka in nasu ya cika ko an soke. Daga Bauchi zuwa ƙofar filin Lawanti bai kai awa biyu ba, tunda ba sai na shiga gari ba. Wanda zai yi haka ya tabbatar jirgin na nan kafin mu tashi, ya ba ni awa uku kafin lokacinsa saboda shingaye, kuma in jirgin safe ne a gaya min tun dare in sha mai, don gidajen man hanya ba su buɗewa da asuba.